Babi na Bakwai: Inji Ya Karɓi Zarto, Wa Ya Riƙe Zane?

Daga ƙarshen watan Satumba zuwa tsakiyar Disamba, akwai wata sana'a da kasuwarta ke tashi a ƙananan garuruwa da unguwannin bayan gari na Amurka, sannan ta kwanta sai shekara ta zagayo. Sana'ar ita ce yanka siffofin ado daga katakon filawud, a shafa musu fenti, a kafa su a farfajiyar gida. Bikin Halloween na ranar 31 ga Oktoba ne ke buɗe kakar, da siffofin kabewa da baƙar kyanwa. Daga nan sai bikin godiya na Alhamis ta huɗu a watan Nuwamba, mai siffar talotalo, sai kuma Kirsimeti, wadda ita ce babbar kasuwa, da taurarinta da barewarta mai rassan ƙaho da garken da Kiristoci ke nuna haihuwar Annabi Isa a cikinsa. Shekaru hamsin da suka wuce, da zarton hannu ko ƙaramin zarto mai lantarki ake wannan aiki. Yau kuwa da yawa daga masu sayarwa inji ke yanka musu, wato injin CNC, wanda kwamfuta ke jan bakinsa bisa zanen da aka ba ta. Tun shigowarsa ake jayayya. Wasu sun ce ya kashe sana'a, tunda danna maɓalli ba gwaninta ba ce. Wasu sun ce ya buɗe wa kowa ƙofar arziki, sayi inji kawai ka fara ƙirga kuɗi. A ganina duka ɓangarorin biyu sun zuba ido inda bai kamata ba. Yanka bai taɓa zama ƙashin bayan wannan sana'a ba. Injin ya mai da yanka abu mai araha, da ya yi araha kuwa sai daraja ta tattara ta koma inda take tun fil'azal, wato wajen sanin katako, da iya gamawa, da uwa uba zane. Wanda ya mallaki zanensa shi ke da sana'a, wanda kuma ya dogara da zanen wani, ɗan ƙwadago ne ko da shagon nasa ne.

Shi injin ba shi da wuyar fahimta idan aka tsaya a kansa. Teburi ne shimfiɗaɗɗe, da gada ta ƙarfe da ke tafiya gaba da baya a bisansa, a jikin gadar kuma akwai mota mai juya wani ɗan baki mai kaifi kamar sau 18,000 a minti ɗaya. Bakin na tafiya ta tsawo, ya tafi ta faɗi, ya nutse ko ya ɗago, kuma da waɗannan motsi uku ake fitar da duk siffar da ake so. Abin da kwamfuta ke aika masa jerin umarni ne na lambobi da ake kira G-code: je wuri kaza, sauka milimita kaza, bi wannan layi da sauri kaza. Asalin dabarar daga masana'antar jiragen sama ta fito. A ƙarshen shekarun 1940 wani mai masana'anta a jihar Mishigan, John Parsons, ya yi amfani da injin lissafi mai katin huji wajen fitar da ma'aunin fukafukan jirgi mai saukar ungulu. Rundunar sojin saman Amurka ta ga amfanin abin ta zuba kuɗi, a 1952 kuma jami'ar MIT ta nuna injin sassaƙar ƙarfe mai bin umarnin lambobi. An shafe kusan shekara arba'in irin waɗannan injuna sai manyan masana'antu. Sai a 1996 Ted Hall, wani malamin jami'a a birnin Durham na Karolina ta Arewa mai sha'awar haɗa kwalekwalen filawud, ya kafa kamfanin ShopBot don ƙera injin da ƙaramin kafinta zai iya saya. A 2009 manhajar Grbl ta fito kyauta, tana tuƙa inji daga ɗan allon lantarki mai suna Arduino, a 2016 kuma aka fito da Maslow, inji mai rataye da sarƙoƙi biyu a jikin firam da aka jingine, wanda ke yanka cikakken falle a farashin da bai kai dala 500 ba. Cikin shekara ashirin abin da ke hannun masu ƙera jirgin yaƙi ya sauko garejin malamin makaranta.

Amma da babu filawud da wannan ado bai samu ba, ko da inji ko babu. Ana fere gungumen itace ne yana juyawa, a fitar da siraran fallaye, a jera su ana gicciya jijiyar kowane falle da ta na ƙarƙashinsa, a shafa gam a matse da zafi. Fallayen kan zama uku ko biyar ko bakwai ko fiye, domin fuska da baya su bi jijiya ɗaya katakon ya zauna daidai. Amfanin wannan gicciyawa shi ne ƙarfi ta kowane ɓangare. Filankin itace tsagewa yake yi ta bin jijiyarsa, don haka in ka yanka tsinin tauraro ko reshen ƙaho a cikinsa, duk inda siririn wuri ya gitta jijiya zai ɓalle da ɗan taɓi. Filawud ba ya haka. Ga kuma faɗi: falle ɗaya ƙafa takwas ne da ƙafa huɗu, wato milimita 2440 da 1220, ya isa a fitar da siffa mai tsayin mutum ba tare da haɗi ba. Matsalarsa ta farko ruwa ce, domin gam ɗin da ake amfani da shi a da saki yake yi in ya jiƙa, har sai da wani masanin haɗa sinadarai, James Nevin, ya samar da gam mai jure ruwa a 1934 a garin Aberdeen na jihar Washinton. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu filawud ya wadata a kasuwa, daidai lokacin da Amurkawa ke komawa sababbin unguwanni masu fili a gaban kowane gida, sai adon farfajiya ya samu wurin zama.

Duk mai cewa aikin danna maɓalli ne, ya dubi barewar nan ta Kirsimeti da kyau, wadda ake wa farin fenti, kuma kusan babu shagon da ba ya yin ta. Guntaye huɗu ne: gangar jiki haɗe da kai, ƙafafun gaba, ƙafafun baya, da ƙaho. Kowane guntu yana da tsagi, a zura wannan cikin wancan ta tsaya da ƙafafunta babu ƙusa babu gam, bayan biki a zare a jingine su a bango har wata shekara. Dukan dabarar tana cikin faɗin tsagin, wanda dole ya yi daidai da kaurin katako. To, filawud ɗin da ake sayarwa da sunan kashi uku cikin huɗu na inci, wato milimita 19, a zahiri bai cika wuce 18 da 'yan kai ba, kuma falle da falle sukan bambanta ko da daga tari ɗaya aka zaro su. In tsagin ya ɗara da rabin milimita, barewa za ta riƙa rawa, iskar hunturu ta kayar da ita. In ya matse, ko dai katakon ya tsage wajen zurawa, ko ya shiga lafiya a shago amma ya ƙi shiga bayan an yi fenti, domin fentin ƙasa da shafi biyu na sama sun ƙara masa kauri. Sannan bakin injin zagayayye ne, ba zai taɓa fitar da kusurwar ciki mai kaifi ba. A ƙarshen kowane tsagi yakan bar ɗan lanƙwasa da ke hana guntun zama har ƙasa, sai mai zane ya ƙara wani ɗan rami a kowace kusurwa, abin da masu aikin ke kira ƙashin kare. Ba kwamfuta ce ke auna kaurin falle ba, ba ita ke tuna fenti ba. Mutum ne zai ɗauki ma'auni ya auna, ya yanka ɗan guntun gwaji, ya zura ya ji yadda ya kama, kafin ya saki inji a kan fallen da ya saya da tsada.

Haka zancen baki yake. Akwai bakin da murɗinsa ke jawo dusa sama, yana share rami da kyau amma yana yayyage fuskar katako. Akwai mai tura dusa ƙasa, yana barin fuska sumul amma yana cusa dusar cikin ramin, zafi ya taru, har wuta na iya kamawa in aka bar inji babu kowa a wurin. Akwai kuma na uku da ya haɗa murɗin biyu don fuska da baya su fita tsaf, sai dai ba ya aikinsa sai an nutsa shi sosai tun zagayen farko. Sauri ma da nasa hukuncin. Sabon shiga yakan rage saurin tafiya don tsoro, bai san cewa bakin da ke juyawa da ƙarfi yana tafiya a hankali gogar katako yake yi maimakon yanka ba, sai gefe ya ƙone ya yi baƙi, bakin ya dakushe tun kwanansa bai kai ba. Gwani da kunne yake ganewa, da kuma duban abin da ke fita: in ɓarɓashi ne ƙanana, aiki na tafiya daidai, in gari ne mai laushi, akwai gyara. Kuma kafin a gama zagaye siffa dole a bar mata 'yan gadoji sirara da ke riƙe ta da sauran fallen, in ba haka ba tana rabuwa za ta motsa, bakin ya cafke ta ya ɓata ko ya yi jifa da ita. Wannan duka ilimin kafinta ne. Abin da ya canza shi ne lokacin da ake bukatarsa, domin mai zarto yana iya gyara kuskure yana cikin yanka, mai inji kuwa sai ya hango kuskuren tun bai kunna ba.

Masu sukar suna da magana ta biyu da ta fi ta farko nauyi. Sukan ce ko da akwai gwaninta, abin da hannu ya yanka yana ɗauke da wani abu na mai shi, abin da inji ya yanka kuwa ɗaya ne da dubu irinsa. Tarihin adon biki bai goyi bayan wannan magana yadda suke zato ba. Magidancin Amurka na shekarun 1950 da ke yanka barewa a garejinsa ba daga kansa ya zana ta ba. Mujallu irin su Popular Mechanics kan buga zanen a kan layukan murabba'i don mai karatu ya faɗaɗa shi a kan falle, kamfanoni kuma na sayar da zanen takarda mai cikakken girma, a shimfiɗa a bi layi. Zarton nasa ne, zanen na wani. A Jamus ma, a tsaunukan Erzgebirge da ke kan iyaka da ƙasar Cek, inda adon Kirsimeti na katako ya fi ko'ina suna, labarin ke nan. Mutanen ƙauyen Seiffen mahaƙa kuza ne, da haƙar ta ja baya suka koma aikin katako, kuma tun wajen shekarar 1800 suka ƙware a wata dabara: a ɗora ɗanyen katako a injin juyi a fere shi ya zama zobe, a sassaƙa zoben ta yadda in an datsa shi, bakin datsin zai fito da siffar doki ko tunkiya, sannan a yayyanka zobe ɗaya ya ba da dabbobi gommai, iyali su zauna su ƙarasa da wuƙa da fenti. An ƙirƙiro dabarar ce don a samar da kaya da yawa a kan araha, ga shi yau ana zuwa kallonta a matsayin ƙololuwar aikin hannu. Sai kuma bakan kyandir da ake ajiyewa a taga, wanda suke kira Schwibbogen. Na farkonsu maƙera ne suka ƙera da ƙarfe a ƙarni na 18. A 1937 wata mai zane, Paula Jordan, ta fitar da zanen da ya fi kowanne yaɗuwa, mai mahaƙa biyu da mai sassaƙa da mace mai saƙar leshi, daga baya aka yi ta yanka shi a siririn filawud da ɗan zarto, yau kuma injuna na yanka shi. Kayan aiki sun canza sau biyu, zanen na nan, kuma shi mutane ke ganewa daga nesa.

David Pye, wanda ya koyar da zanen kayan ɗaki a babbar kwalejin fasaha ta Landan, ya warware wannan ƙulli a littafinsa na 1968. Ya ce rarrabe aiki zuwa na hannu da na inji ba ya kai mu ko'ina, rarrabewa mai amfani ita ce tsakanin aikin kasada, wanda kyansa ya rataya a kan hannun mai yi a kowane motsi, da aikin tabbas, wanda an riga an yanke yadda zai fito tun kafin a fara. Galibin sana'o'i gauraye suke. In aka ɗora wannan ma'auni a kan barewarmu, za a ga yanka ya koma ɓangaren tabbas, amma zane da gwaji da goge gefe da fenti duk suna nan cikin kasada, kuma su ke cin mafi yawan lokaci: inji kan gama siffa cikin mintuna, fenti da jiran bushewa kan ɗauki kwanaki. Mu ma mun ga irin wannan a wuyan rigunanmu. Da aikin kwamfuta ya shigo wa telolin Kano da Zariya, ɗinkin hannu bai mutu ba, sai ma ya ƙara tsada ya zama na manya, aikin kwamfuta kuma ya kai ado ga wanda da ba zai iya saya ba, kuma a cikin masu kwamfutar ma ana sanin wanda zanensa ya fita daban. Sharaɗi ɗaya ne ba na sassautawa a kansa, shi ne gaskiya wajen sayarwa. Wanda inji ya yanka masa ya faɗa, kada ya karɓi kuɗin aikin hannu.

Wani zai tambaya, in dai inji ne zai yi, me zai hana babbar masana'anta ta haɗiye kasuwar gaba ɗaya? Ai ta riga ta haɗiye mafi yawanta. Birnin Yiwu na lardin Zhejiang a ƙasar Sin, wanda 'yan kasuwarmu masu saro kaya suka sani sarai, ana kiyasta cewa fiye da rabin kayan adon Kirsimeti na duniya daga can suke fitowa. Babu garejin da zai yi gogayya da Yiwu a kan ƙananan taurari da ƙwallayen ratayawa. Abin da ya rage wa ƙaramin shago abubuwa ne da kwantena ba ta iya kawowa. Na farko girma: cikakken falle mai kaurin milimita 18 yakan haura kilo 25, siffa mai tsayin mutum kuwa kuɗin aika ta nesa na iya fin kuɗinta, don haka kasuwarta ta makwabta ce. Na biyu suna: allon da aka yanka sunan iyali a kai, ko siffar karen gidan, ko hasumiyar garin, ba a yin su dubu-dubu. Na uku lokaci: kayan masana'anta tun bazara ake odarsu a loda a jirgin ruwa, mai inji a unguwa kuwa yana iya karɓar aiki ranar Litinin ya miƙa ranar Asabar, kodayake shi ma ya san ba a fafe gora ranar tafiya, tun Agusta yake tara fallaye da fenti. A lura, biyu daga cikin ukun nan, suna da lokaci, ba sa samuwa sai ga wanda ya iya buɗe zane ya canza shi da kansa.

Birnin Alƙahira ya ba da misali mafi kusa da mu. Fitilar azumi, fanus, tsohuwar al'ada ce a Masar da ake danganta farkonta da zamanin Faɗimiyyawa, kuma masu yin ta da gwangwani da gilashi mai launi suna nan a titin Tahtar Rab'i kusa da ƙofar Zuwaila. Fitilun roba masu batir da waƙa daga Sin suka mamaye kasuwar shekara da shekaru, har a 2015 ma'aikatar ciniki da masana'antu ta hana shigo da kayan da ke kwaikwayon fasahar gargajiyar ƙasar, fanus na ciki. A Nuwambar 2016 kuma darajar fam ɗin Masar ta faɗi warwas, kayan waje suka ƙara tsada. Gurbin da aka samu bai koma hannun masu gwangwani kaɗai ba. Kaso mai yawa ya tafi ga ƙananan shaguna masu yanka fitilu daga siririn katako da injin kwamfuta, galibi mai yanka da hasken leza, ɗan'uwan wanda muke magana a kai, suna rubuta sunan yaro ko na amarya a jiki. Masu kukan cewa inji na cin abincin masu aikin hannu suna da gaskiya a nan, kuma bai kamata a rufe ido a kai ba: dattijon da ya shekara arba'in yana liƙa gwangwani da dalma ba zai koma koyon kwamfuta ba. Amma a tuna cewa robar waje ce ta fara karya kasuwarsa, kuma injin ne ya dawo da wani ɓangare na aikin cikin ƙasa. Abin da ya dace da irin wannan dattijo shi ne a biya shi kuɗin siffofin da ke kansa, domin fitilun katakon ma fasalinsa suke kwaikwaya.

Suka mafi ƙarfi ita ce wadda masu sayar da inji ba sa so a tayar, kuma na yarda da ita. Zanen kwamfuta fayil ne, fayil kuwa ba ya ƙarewa. A kasuwar intanet ta Etsy, wadda aka kafa a Brooklyn a 2005, da ire-irenta, ana sayar da zanen barewa da tauraro da garke a kan 'yan daloli, duk mai inji ya sauke ya yanka. A zamanin zanen takarda wahalar zarto ce ke taƙaita yawan kaya, mutum ɗaya ba zai yanka fiye da ƙarfinsa ba. Yanzu wannan birki ya tsinke. Shaguna goma a gari ɗaya na iya fitar da barewa iri ɗaya sak, in kaya suka zama ɗaya kuwa babu abin da ya rage na gasa sai karya farashi, har ribar ta kasa biyan kuɗin baki da wuta, balle bashin inji. Mai ribar gaske shi ne wanda ya zana fayil ɗin sau ɗaya, yana sayarwa yana barci, bai shaƙi ƙura ba bai sayi falle ba. Wasu kuma don neman fita daban sai su faɗa wa siffofin finafinai da littattafan yara, irin su Grinch da 'yan wasan Disney, alhali suna da masu su, kuma da zarar mai haƙƙi ya kai ƙorafi ake sauke kayan daga kasuwa. Ko Mickey Mouse, siffarsa ta 1928 sai a ranar 1 ga Janairun 2024 ta fita daga kariyar haƙƙin mallaka. Wannan suka ba ta rushe hujjar babin nan ba, ƙarfafa ta ta yi. In kowa na iya yanka, kuma kowa na iya sayen zane ɗaya, to abin da ba kowa ke da shi ba shi ne zanen da babu shi a kasuwa. Kuma hanyarsa ba ta da tsada: fensir da takarda tukuna, sannan manhaja irin Inkscape, wadda kyauta ce, ko VCarve ga mai hali.

Saura batun ɓarna da lafiya, wanda ba ya bukatar doguwar muhawara domin gaskiyarsa a fili take. Ana zargin irin wannan ado da zama shara bayan kaka ɗaya, kuma haka ne in an yi shi da filawud na cikin ɗaki aka bar gefensa a buɗe, domin ta gefe ruwa ke shiga ya kumbura fallaye su rabu. Araha ba ta ado. Wanda ya sayi falle mai gam na waje, ya cike ramukan gefe, ya goge, ya shafe gefen da fentin ƙasa kafin na sama, kayansa za su yi shekaru ana kafawa ana cirewa. Ƙura kuwa ba abin wasa ba ce. Tun 1995 hukumar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya ƙurar katako cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo cutar daji ga ɗan Adam, musamman a hanci, kuma wannan inji na fitar da ita fiye da zarto nesa ba kusa ba, ga ƙarar da ke cin kunne a hankali. Duk lissafin kuɗin inji da bai haɗa da na'urar zuƙe ƙura da takunkumi da toshin kunne ba, lissafi ne da za a biya cikonsa da jiki.

Waɗannan injuna sun fara shigowa manyan biranenmu, a wajen masu allon talla da masu ƙofofi da masu ƙawata wurin biki, kuma lokutan ado ba su yi mana kaɗan ba: azumi, sallah, aure, suna, saukar karatu. Adonmu ma ya fi dacewa da injin, tunda ya fi karkata ga layi da ƙulli da rubutu a kan siffar mai rai. Akwai dagi, akwai zanen bangon tsofaffin gidajen Kano da Zariya da Damagaram, akwai zanen ƙwarya, akwai zayyanar allon sauka, kuma masu yin su da ransu, da yawansu ba sa samun abin kirki a kai. Abin takaici ne a ce mai inji a Kaduna ko Maraɗi ya sauke jinjirin wata da fitilar da aka zana a wata ƙasa, iri ɗaya da na shagon da ke kallonsa, alhali mai zayyana na zaune a bayan layinsu. Don haka matashin da ke tara kuɗin inji, ka ware wani abu tun yanzu don abubuwa uku kafin injin ya iso: wutar da ba za ta ɗauke maka a tsakiyar falle ba, wata shida a shagon kafinta kana koyon halin katako, da zama wurin mai zayyana da takarda da fensir. In ka ɗauki zanensa ka sa a kwamfuta, ka biya shi, ka kuma rubuta sunansa a bayan allon.